Bayan An Ce An Gama

Ubana bai taɓa kiran sunana ba. Duk wanda ya tashi a Damagaram ba zai yi mamakin wannan ba, don ni ne ɗansa na fari, kuma ɗan fari kunyarsa ake ji. Idan yana son ruwan alwala sai ya ce, "Kai, yaro." Idan yana ba wani labarina sai ya ce "yaron gidan nan", kamar ajiyata aka ba shi. Ƙannena kuwa da sunayensu yake kiran su, har ya ɗora su a cinya ya gutsura musu ƙosai. Ni daga nesa nake kallo. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini, ni ma na sha gaya wa kaina. Amma sanin al'ada bai taɓa amsa mini tambayar da ke ci na ba: a bayan kunyar nan akwai wani abu, ko kuwa babu komai?

Tsohon sojan Faransa ne. Ya yi yaƙi a ƙasashen da bai taɓa zama ya ba mu labarinsu ba, ya dawo ya yi aure, ya daɗe bai sami haihuwa ba, sannan aka haife ni. Ya rasu ina New York, a zamanin da nake baza agoguna da jakunkuna a bakin titin Canal Street, ba ni da takardun da zan je in dawo. A waya aka gaya mini, ina tsaye wata mata tana taya jaka. Na naɗe kayana na tafi masallaci a Harlem, aka yi masa addu'a, aka watse. Na ɗauka tambayar tawa ta bi shi kabari.

Shekaru suka tura. Na sami takardu, na bar bakin titi, na buɗe ɗan kanti a Harlem ina sayar da daddawa da busasshiyar kuɓewa da manja da sauran abin da matanmu ke nema idan sun gaji da abincin Amurka. Furfura ta fara fito mini. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna tsaye a ƙofar kantin ni da mutanenmu, sai wani abokina ɗan Maraɗi, direban tasi, ya miƙo mini wayarsa. Mutum ne mai bakin tsiya, idan ya fara zolaya ba ya ji ba ya gani.

"Kai ɗan Damagaram, duba nan," ya ce. "Wannan ba tsohon da ka rataye hotonsa bayan kanta ba ne? An ce daga wani tsohon shirin talabijin na Faransa aka yanko shi, yana ta yawo a wayoyi."

Na karɓa. Wallahi ƙofar gidanmu ce, har da dogonyaron da aka sare tun ina lakwal, wato makarantar boko. Ga Baba zaune a kujerar ƙarfe, ya sa rigarsa ta salla. Yana magana, amma ba a jin sa sosai, don muryar wani Bafaranshe ta hau kan tasa. Can sai ga wani ɗan yaro ya shigo daga gefe, daga shi sai 'yar riga, ciki a gaba, yana tafiya yana tangaɗi. Ya je ya kama gwiwar Baba. Baba ko kallon sa bai yi ba. Ya sa bayan hannu ya kau da shi gefe, ya ci gaba da maganarsa. Yaron nan ni ne.

Sai muryar ta ce, da Faransanci mai laushi irin na masu karatu: "Ku dubi hannun nan. Yaƙi ya bar mutumin nan ya koma gida, amma ya riƙe zuciyarsa. Ko ɗansa ba ya iya kallo."

Wurin ya kaure da dariya.

"Tabɗi, Bature ke nan!" in ji ɗan Maraɗi. "Ya ga kunyar ɗan fari ya ce yaƙi ne. To ni ubana ko bindigar toka bai taɓa riƙewa ba, amma yayanmu har ya tsufa bai ji sunansa a bakinsa ba."

Kowa ya kawo nasa. Ni ma na yi yaƙe, na ce ya turo mini. Su dariya suke yi wai Bature bai san al'ada ba. Ni kuwa tsoro nake ji kada ya zamana Baturen ne ya faɗi gaskiya, mu muka lulluɓe ta da al'ada. Na ga iyaye masu kunyar 'ya'yansu na fari, kuma in ka lura sai ka kama su. Ido yakan bi yaron idan ya juya baya, ko a ajiye masa tsokar nama a ce wai ragowa ce. Na yi ta lalube a cikin ƙuruciyata ko zan sami irin wannan, ban samu ba.

Washegari na kira Inna, mahaifiyata. Tana nan da ranta a Damagaram, ido ya yi rauni amma baki lafiya lau. Na ba ta labarin fim ɗin.

"To me kake so ya yi?" ta ce. "Ya ɗauke ka a gaban baƙi, gari ya ɗauka? Kai ma dai da neman magana."

"Inna, a gaban baƙi na ji. Idan baƙi sun tafi fa?"

Sai ta tambaye ni ko sanyi ya fara a wajenmu, ta ce in riƙa rufe ƙirjina. Na manta cewa ita ma ɗan farinta ne ni, kunyar da ta hana shi ita ce za ta hana ta.

Ɗan Maraɗin nan ne dai ya sake zuwa mini da labari bayan 'yan watanni. Ya sauke fasinja a ƙofar wani ƙaramin gidan silima can ƙasan Manhattan, ya ga an manna takarda za a nuna tsofaffin fina-finan wani masanin tarihi Bafaranshe, har da na tsofaffin sojan Afirka, kuma shi mai fim ɗin zai zo da kansa. Ashe a garin nan yake zaune wajen 'yarsa tun da matarsa ta rasu.

"Ka je ka karanta masa al'ada," ya ce. "In kana so in raka ka, ni zan yi masa tas."

Na ce ya yi zamansa. Ranar Lahadi da azahar na rufe kanti, na sa riga mai kyau, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ni kaɗai. Duk hanya ina shirya maganar da zan jefa masa, ina gyara Faransancina na lakwal kada in ji kunya.

Kafin a kashe fitilu wata mata ta tashi ta ba da tarihinsa. A nan na ji cewa da malamin jami'a ne, yana koyar da tarihi. Sai ya ajiye alli ya shiga aikin talabijin, don a ganinsa tarihin da ake rubutawa daga takardun gwamnoni ya bar waɗanda suka ɗauki kaya a waje. Ya ɗauki kamara ya bi masu haƙar kwal, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da matan masaƙu, da tsofaffin sojan ƙasashenmu, yana zaunar da su suna ba da labari da bakinsu. Ya shafe yawancin rayuwarsa a haka. Daga baya masu shirya fina-finan silima suka riƙa ɗaukar sa ya duba musu aiki, kada su sa wa sojan wani zamani hular wani zamani. Mutane suka yi ta tafi. Ni ban tafa ba.

Kallon abu a waya daban, kallon sa a bangon silima daban. Fuskar Baba ta cika bango, har ina ganin tsagar da ke kumatunsa. Da aka zo wurin da ya kau da ni, sai na ji duk ɗakin ya ja numfashi. Wata tsohuwa a gefena ta ce da Turanci, "Allah sarki yaro." Raina ya ɓaci ƙwarai. Ubana ne fa ake wa wannan kallon, mutumin da ko tari ya yi a zaure unguwa takan nutsu.

Da aka kunna fitilu aka fito da shi. Na yi zaton zan ga ƙato mai gadara. Sai ga ɗan tsoho ƙanƙane, yana dogara sanda, 'yarsa na riƙe da hannunsa, kunne ma sai an ɗaga murya yake ji. Aka ce mai tambaya ya ɗaga hannu. Na ɗaga, na miƙe, duk jawabin da na shirya ya gudu ya bar ni.

"Mushe," na ce, yadda muke cewa malam da Faransanci, "yaron nan da aka ture, ni ne."

'Yarsa ta sunkuya ta maimaita masa a kunne. Ya daɗe yana kallo na. Sannan ya ce, "Kada ka tafi, don Allah." Bayan an watse ya riƙe hannuna da hannuwansa biyu, ya ce maganar ba ta tsaye ba ce, in zo gida.

Na je ranar Laraba da hantsi. Bene ne kusa da kogi, ɗakinsa cike da kwalaye har rufi. 'Yarsa ta kawo mana shayi, ta ce wani ɗakin ajiyar tarihi a Faransa zai karɓi dukkan aikinsa, shi ya sa ake ta ɗaure kaya, kuma an riga an juye tsofaffin faifan a kwamfuta. Ta ja mana ƙofa ta fita.

Ban ko taɓa shayin ba. Na ce, "Maganar nan da aka faɗa a kan ubana, wa ya rubuta ta?"

"Ni na rubuta, ni na karanta," ya ce. "Muryata ce, lokacin ina da murya."

"A wajenmu uba ba ya wasa da ɗansa na fari a gaban mutane. Ba a gaya maka ba?"

"An gaya mini. Tafintana ya gaya mini tun a ranar."

Kai! Na ji kamar in kifar da teburin. Da rashin sani ne da sauƙi. Na ce, "Ka sani, kuma ka faɗa wa duniya ubana ba shi da zuciya?"

Bai kare kansa ba. Ya ce in saurare shi, in na gama ji in zage shi yadda nake so. Ya ce duk sunan da ya yi a talabijin a kan dabara ɗaya ya yi shi. Mutum idan ya san ana ɗaukar sa, abin da ya shirya yake faɗa. Saboda haka shi da mai kamararsa da mai ɗaukar murya suka ƙulla wata al'ada. Idan hira ta ƙare sai ya tafa hannu ya ce, "An gama, mun gode." Sai kowa ya tashi ya shiga naɗe wayoyi yana kai kaya mota, a bar mutum zaune shi kaɗai. Kamara kuwa tana nan a kan ƙafafunta tana ci gaba da aiki, na'urar murya ma haka. A nan ne mai haƙar kwal yakan fashe da kuka, a nan ne tsohuwa takan faɗi sunan wanda ta ƙi faɗa. Ya ce abokansa na jami'a sun kira shi ɓarawo saboda wannan, shi kuma ya kira su matsorata, aka rabu a haka.

"Haka muka yi wa mahaifinka," ya ce. "Muka ce an gama, muka tafi wajen mota, mutanen unguwa suka bi mu suna kallon kaya. Aka bar shi a ƙofar gida."

"Shi kaɗai?"

"Shi da kai."

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ya girgiza kai. Ya ce ba zai iya faɗa mini ba, amma zai gaya mini abin da ya biyo baya. Baba tsohon soja ne, kunnensa ya san ƙarar inji. Daga baya ya ji kamarar tana kuka ƙasa-ƙasa, ya gane abin da aka yi masa. A ranar bai ce komai ba, ya sallame su da mutunci har ya ba su goro. Washegari da sassafe sai ga shi a masaukinsu, ya tako da ƙafa tun daga unguwarmu. Bai nemi tafinta ba, da Faransancinsa na bariki ya yi magana. Ya ce abin da ya faɗa kafin a ce an gama, ya ba su, su yi yadda suke so da shi. Abin da aka ɗauka bayan nan bai ba su ba, su mayar masa da kayansa. Bafaranshen ya ce ya yi wa Baba bayani cewa ba a iya yanke fim sai an kai Faransa an wanke. Sai Baba ya kama hannunsa ya ce to ya rantse masa ba wanda zai gani.

"Na rantse," ya ce. "Har ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ce, 'Musamman shi. Ko ya girma.'"

Ubana da ban taɓa ganin ya roƙi kowa komai ba, shi ne ya taka har masaukin baƙi yana roƙon yaro Bature.

"Da na koma Paris," ya ci gaba, "na cire wancan na ajiye. Abin da ya rage a hannuna shi ne mutum yana kau da yaro. Talabijin kuwa ba ta son shiru, dole a ɗora magana a kan kowane hoto. Ina saurayi, ina son jimla mai daɗi, kuma shirin a kan yaƙi ne. Sai na rubuta abin da ka ji. Alkawarin na cika shi, amma na yi wa mutumin ƙarya. Ban taɓa tunanin yaron zai zauna wata rana ya saurare ni ba."

"To yanzu ga shi ya saurara," na ce. Muryata ta ɗaga har 'yarsa ta leƙo. "Ka nuna wa duniya inda aka ture ni, ka ɓoye sauran a kwali! Ina yake? Nuna mini!"

Ya ɗora hannu a kan kwamfutar da ke gabansa. Ya ce yana nan ciki. Faifan asali ya riga ya sa an lalata guntun, don idan ya shiga ɗakin ajiya kowane ɗalibi zai iya buɗewa. Wanda ke cikin kwamfutar ne kaɗai ya rage, kuma niyyarsa ya goge shi kafin a kwashe kaya.

"Wanda na yi wa rantsuwa ya mutu," ya ce. "Kai ne magajinsa. Idan ka ce in buɗe, zan buɗe, laifin ya hau kaina. Amma na gaya maka abin da ya ce, don kada ka zaɓa a makance."

Na tashi na fita ko sallama ban yi masa ba. Na ji haushinsa, na ji haushin Baba ma, Allah ya gafarta mini. Wane irin mutum ne wannan, da zai bi ɗansa da kunya har bayan ransa?

Na yi kwanaki ina juya abin. Ina auna wa mata daddawa ina tunani, har wata ta ce, "Malam, yau lafiya? Kuɓewa na ce." Wani lokaci in ce haƙƙina ne, ni ne a ciki, wa zai hana ni ganin kaina? Tsohon ba zai daɗe ba, kwalaye za su tafi, idan aka goge an goge ke nan har abada. Wani lokaci kuma sai in hango Baba a hanyar masaukin nan da sassafe, shi kaɗai, yana tafiya irin tasa ta soja. An riga an yi masa leƙe sau ɗaya ba da saninsa ba. Idan na buɗe, ni ne na biyu, kuma ni ne wanda ya ambata da bakinsa. Ban tambayi liman ba, ban gaya wa ɗan Maraɗi ba, don na san abin da kowannensu zai ce, kuma ba ubansu ba ne.

Abin da ya tsayar da ni a ƙarshe ba wani babban tunani ba ne. Na lura ne cewa duk lokacin da na ƙudura zan kalla, sai in ji ba na iya ɗaga ido in dubi hotonsa da ke bayan kanta. Kunyar da nake jin haushinta, ashe ni ma tana jikina.

Na koma wajen tsohon da rana tsaka. Kwalayen sun ragu. Na gaishe shi yadda ya kamata a gaida babba, na ba shi haƙurin fitar da na yi.

"Mushe, ba zan kalla ba," na ce. "A goge. Amma ina so a yi a gabana."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce to zai buɗe shi sau ɗaya shi kaɗai, don ya tabbatar shi ne, kada ya goge na wani. Ya ce in zauna a ɗaya gefen teburin. Na zauna ina fuskantar sa, bayan kwamfutar yana kallo na. Ya ɗauko abin sauraro irin wanda ke rufe kunnuwa ya sa a kai, ya danna.

Sai ƙara ta fito a fili, ta cika ɗakin. Allah sarki, tsufa. Ya rufe kunnuwansa, amma bai soka wayar a jikin kwamfutar ba, tana can tana lilo a gefen tebur. Shi da kunnensa ba ya ji sosai, bai san abin da ke faruwa ba, ya ƙura wa hoton ido.

Na ji an tafa hannu. Na ji muryoyin Faransawa suna nisa, ana jan akwati a ƙasa, yaran unguwa suna ihu suna bin su. Wata akuya ta yi kuka. Kusa-kusa kuma wani yaro yana shessheƙa, irin ta wanda ya gaji da kuka. Ya kamata in yi magana a nan.

Kujerar ƙarfe ta yi ƙara. Sai murya, ƙasa-ƙasa.

"Zo nan. Zo, zo. Wa ya taɓa min kai?"

Na san muryar, amma ban taɓa jin ta haka ba. Ni da tsawa na san ta, da "kai, yaro".

"Ni ne ko? Ni ne na ture ka? To yi haƙuri, Babana. Yi haƙuri."

Sunan mahaifinsa aka sa mini, amma ko sau ɗaya ban taɓa jin ya ce mini Babana ba. Shessheƙar yaron ta dusashe, kamar an kifa fuskarsa a jikin riga.

"Mutane ne, ka ji? Mutane ne ke kallo. Ga shi sun tafi."

Na miƙa hannu ta saman tebur na rufe kwamfutar. Tsohon ya firgita ya ɗago. Ya dubi fuskata, ya cire abin kunnen, ya bi wayar da ido har inda take lilo.

"Ka ji?" ya ce.

"Ban gani ba, Mushe."

Ban sani ba ko Baba zai yarda da wannan amsar. Wataƙila da ya harare ni ya ce yaron gidan nan ya iya wayo. Amma ban nema ba, Allah ne shaida, kuma abin da ya saura a ciki na bar masa kayansa.

Tsohon ya sake buɗe kwamfutar yana kare ta da jikinsa, ya kira 'yarsa ta nuna masa inda ake gogewa. Ya dube ni, na gyaɗa kai, ya danna. Ya ce yana so ya nemi gafara, amma bai san wajen wa zai nema ba, ni ko Baba. Na ce nawa na yafe, na Baba kuwa sai sun haɗu.

Na sauko daga benen ban jira lifta ba. A bakin kogin akwai bencina, na sami ɗaya na zauna. Mutane suna wucewa da karnukansu, masu gudu suna gudu. Ni ɗan fari, da furfurata, na rufe fuska da hula na yi kuka, ban damu da wanda ke kallo ba.